Me ya sa hekta ɗaya ta masara ke ba mu buhu 20, ta ba wasu 100?

A duk shekara duniya na noma masara sama da tan biliyan 1, ta zarce alkama da shinkafa. Amurka ce kan gaba, sai Sin, sai Barazil. Manomin Amurka yana girbe sama da tan 10 a hekta, wato buhu 100 na kilo ɗari-ɗari. A Najeriya abin bai wuce tan 2 ba. Manoman Amurka suna da injuna, gaskiya ne, amma kaso mai yawa na wannan rata tun ranar shuka muke yin sa da hannunmu.

Sau da yawa gonar rabinta fili ne. A bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, tsiro ɗaya a kowane rami. Wannan zai ba da tsiro kusan 53,000 a hekta, da iri kimanin kilo 20. Wanda ke shuka taku guda-guda yana zuba ƙwaya huɗu a rami, tsirrai ne za su yi ta kokawar abinci, goyon ya fito ƙanana. Irin aure kuma, wato wanda aka haɗa nau'in masara biyu aka samar, ba a ɗebo shi daga rumbu a sake shukawa. A shekara ta biyu amfaninsa faɗuwa yake. Inda wuta-wuta ta kama gona, a nemi nau'in SAMMAZ mai jure mata daga cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya.

Taki shi ne inda kuɗi ke salwanta. Hekta na son buhu 8 (mai kilo 50) na kamfa 15-15-15 cikin sati biyu da shuka, sai yuriya buhu 2 da rabi a sati na huɗu zuwa na biyar. A haƙa ɗan rami kamar yatsu uku daga gindi, a zuba, a rufe, ƙasa na da danshi. Yuriyar da aka watsa a fili rana ta buga, iska ce ke shanye ta. In aljihu bai kai ba, gara a cika wa rabin hekta takinta da a yayyafa wa hekta guda.

Tsutsa mai cin masara da ta shigo Najeriya a 2016 tana ɓuya a tsakiyar ganyen da ke naɗe. Alamarta ramuka a ganye da kashi kamar dusa. A duba gona kowane sati, a yi feshi da sassafe ko da yamma, bakin famfo na kallon cikin naɗin, tun tsutsar tana ƙarama.