Tambayoyi da amsoshi kan maganin ciwo, sabo da wanda ya daɗe

Mene ne bambancin sabon ciwo da daɗaɗɗen ciwo?

Sabon ciwo shi ne wanda ke da sanadi a fili, kamar karaya bayan faɗuwa daga babur a hanyar Samaru, ko ƙuna, ko zogin haƙori, ko raɗaɗin tiyata, kuma yakan lafa idan wurin ya warke. Idan ciwo ya haura wata uku, likitoci na ɗaukarsa a matsayin daɗaɗɗe. Ciwon baya da na gwiwa da ke damun dattawa yana cikin wannan rukuni, kuma abin da ake nema a nan shi ne mutum ya samu barci, ya iya ruku'u da sujada, ya koma sana'arsa, ko da ciwon bai tafi gaba ɗaya ba.

Me ya sa likita ke farawa da farasitamol alhali ciwon yana da tsanani?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku a 1986, tun asali domin masu ciwon daji: a fara da irin su farasitamol da ibuprofen, sai masu matsakaicin ƙarfi kamar kodin da tiramadol, sannan masu ƙarfi sosai kamar mofin. Idan ciwon ya yi tsanani tun farko, likita na iya tsallake hawa. Farasitamol ma ba abin wasa ba ne, domin bai kamata baligi ya wuce giram 4 cikin awa 24 ba, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, saboda wuce hakan yana lalata hanta.

Mene ne laifin haɗin da ake saya a kemis?

A nan ne, a ganina, aka fi yin ɓarna. Manomi ya dawo daga gona da ciwon jiki, ya tsaya a kemis, a ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, ya haɗiye su bai san sunan ko ɗaya ba. Sau da yawa akwai diclofenac da ibuprofen ko piroxicam a ƙulli ɗaya, alhali dangin juna ne, kuma haɗa su yana ƙara cin bangon ciki da wahalar da ƙoda ba tare da ƙarin sauƙi ba. Wani lokaci har da dexamethasone, wanda yawan shansa ke kumbura fuska, ya ta da sukari da hawan jini. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda, da mai juna biyu, kada su sha irin waɗannan sai da izinin likita.

Tiramadol da kodin haramtattu ne?

A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda shaye-shaye. Tiramadol kuwa magani ne idan likita ya rubuta shi, amma jiki yana sabawa da shi, kuma yawansa yana kawo farfaɗiya da tsayawar numfashi. Mai sikila da ciwo ya tasar masa yana da haƙƙin a ba shi magani mai ƙarfi a asibiti ba tare da zargi ba. Haɗarin yana wajen yi wa kai allurar pentazocine, wani maganin ciwo mai ƙarfi, a gida.

Me ya sa zafin tafin ƙafar mai ciwon sukari ba ya jin magani?

Domin jijiyoyi ne suka taɓu. Akan ba da amitriptyline ko pregabalin, waɗanda kan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, don haka kada a yar da su a kwana uku. Ga ciwon baya da gaɓoɓi kuma, gashin ƙashi da motsa jiki a sashen gashin ƙashi na asibiti sun fi kwanciya amfani.

Yaushe ne bai kamata a tsaya shan magani a gida ba?

Idan ciwon ƙirji ya zo da gumi ko sarƙewar numfashi, ko ciwon kai ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a saba ba, ko bahaya ya koma baƙi kamar kwalta, ko ciwon baya ya zo da mutuwar ƙafa da kasa riƙe fitsari, a garzaya asibiti mafi kusa, ko sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a tafi da ledar duk magungunan da aka sha domin likita ya gani.