J5, Ducato da C25: wai duk mota ɗaya ce?

Tambaya: J5 ɗin da ke ɗaukar albasa daga Sakkwato zuwa kudu, na ga wata irinta sak amma an rubuta Fiat a gaba. Jabu ce?

Amsa: Ba jabu ba ce wallahi. A 1978 Fiat da kamfanin PSA mai Peugeot da Citroën suka haɗa jari suka kafa kamfanin Sevel, a 1981 masana'antarsu ta Atessa a Italiya ta fara fitar da mota ɗaya da sunaye daban daban, Fiat Ducato, Peugeot J5, Citroën C25, a Ingila kuma Talbot Express. A 1994 Peugeot Boxer ta gaji J5, Citroën Jumper ta gaji C25.

Tambaya: To me ya sa ba kowa zai yi tasa ba?

Amsa: Kuɗi. Ƙera sabon bodi da injinan buga ƙarfensa na cin dukiya, kuma manyan motocin kaya ba sa fita kamar ƙananan motoci, sai su raba ɗawainiyar kowa ya manna tambarinsa.

Tambaya: Su kaɗai ke haka?

Amsa: Ina! Renault Master ta fito da sunan Opel Movano da Nissan Interstar. Volkswagen Crafter daga 2006 zuwa 2016 bodin Mercedes Sprinter ne, a masana'antar Mercedes ma ake haɗa ta. Ram ProMaster ta Amurka Ducato ce.

Tambaya: Ke nan kayan gyaransu ɗaya ne?

Amsa: Nan fa nake so direbobinmu su natsu, don nan ake asara. Ƙofa, gilashi, yawancin kayan bodi da na ƙafa in zubi ɗaya ne suna shiga, amma inji ba dole ba, ita waccan Crafter injin gas na Volkswagen gare ta ba na Mercedes ba, tsohuwar Ducato mai injin gas lita 2.5 ma injin kamfanin Sofim take ɗauke da shi, J5 kuwa na PSA. Ga kuma namu na gida, mota ta sha hanya shekara da shekaru an sauke inji an ɗora wani tokumbo, tambarin gaba ba zai gaya maka abin da ke ciki ba. In za ka kasuwa ka tafi da lambar inji da ta casis, ko ka sa bakanike ya kwance tsohon kayan ka riƙe a hannu a gwada kafin ka biya.