Ba sai baya ya yi ciwo ba ƙoda ke lalacewa

Jama'a, a Gusau da ƙauyukanmu mutane da yawa masu ɗauke da HIV sun ɗauka in dai bayansu bai ciwo to ƙodarsu lafiya lau take, wallahi ba haka bane, ƙoda tana fara lalacewa shiru ba alama, gwajin fitsari da na jini kawai ke nunawa. Cutar kanta na taɓa ƙoda, kuma sinadarin tenofovir da ke cikin TLD, wato maganin HIV da ake sha kullum, yana iya taɓa ta ga wasu, amma don Allah kar a bar magani, likita ke canzawa. Yawan mantuwa kuma ba aljanu bane, HIV na shafar ƙwaƙwalwa. A gaya wa likita, kuma a rage shan diclofenac, maganin ciwon jiki na kemis, don shi ma yana taɓa ƙoda.