Kafin ka sayi shukar fulawa, je ka ga yadda take da rani

Jama'ar Gombe barkanmu da war haka. Mu malaman gona kwanan nan masu sababbin gidaje sun ishe mu da tambaya ɗaya, wai wace shuka ce gajera mai dunƙulewa kamar ƙwallo wadda ba ta zubar da ganye. To ga abin da nake faɗa musu.

Da damina kowace shuka kyakkyawa ce, don haka kar ka yanke hukunci a watan Agusta, ka bari sai Maris ko Afrilu bayan hunturu ya gama da ita zafi kuma ya kankama, sannan ka zaga unguwa ka ga wadda har yanzu take kore shar a ƙofar gidajen mutane, ita ce taka. Waccan da kuke gani a hotunan Facebook a gidajen Turai yawanci bokswud ce, ta saba da sanyi, zafinmu wahalar da ita yake yi.

Cikin waɗanda ake samu a nan, yalo bush, wato mai ganye ruwan ɗorawa da ake shinge da ita, tana jure rana sosai kuma ba tsada, sai dai saurin girma gare ta, in ba ka da almakashi da lokacin aski a kai a kai za ta zama daji, kuma 'ya'yanta masu launin ruwan lemo guba ne. Iksora gajera, mai ƙananan furanni a cure, ita da kanta take dunƙulewa, ni dai ita na fi so, amma ba ta son toka ko ruwan wanki, da an fara zuba mata sai ganyen ya koma ɗorawa. Fikus kam kyau iya kyau, amma asalinsa bishiya ce dangin cediya, saiwarsa na bin ruwa har cikin sokawe da bututu, in dole ne a sa shi a tukunyar siminti. Oliyanda kuwa, mai dogayen siraran ganye, gidan da ke da yara ko awaki kar ma ta shiga, ganye da fure da itacen duk guba.

A wajen mai saida dashe ka tambaya iya ina tsayinta in ta girma, ka ɗaga ledar da take ciki ka duba ko saiwa ta fasa ta kama ƙasa.

Dashe sai damina ta zauna, wajen Yuni zuwa Yuli. Ramin ya ninka faɗin ledar, taki ruɓaɓɓe ba ɗanyen kashin shanu ba, shi ke ƙona saiwa ya jawo gara. Kuma don Allah a yi lissafin ruwa tun yanzu, wanda ke sayen kura a hannun 'yan garuwa ya fara da shuka huɗu ko biyar tukuna.