Ƙoda ta nuna lupus, jini ya ce a'a: me ƙa'idar likitoci ta tanada?

Mace ta zo asibiti ƙafafu a kumbure, fitsarinta na kumfa kamar an kaɗa sabulu. Likita ya tsakuro ɗan naman ƙodarta da allura aka duba, sai ga sinadaran garkuwar jiki guda 5 sun taru a matatar ƙodar: IgG, IgA, IgM, C3 da C1q. Likitoci na ce wa wannan "cikakken gida", kuma da shi aka fi sanin ciwon ƙodar lupus, cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa mai ita. To, an gama ke nan? Ƙa'ida ta ce a dakata tukuna.

A 2019 ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi na Turai da Amurka, EULAR da ACR, suka fitar da ma'auni na haɗin gwiwa don tantance cutar lupus. Ƙofar shiga ita ce gwajin jinin ANA, mai gano sinadaran garkuwa da ke far wa ƙwayoyin jikin mutum da kansa: sai ya taɓa nunawa a matakin 1:80 ko sama, ko da sau ɗaya. In bai nuna ba, ba a ma fara lissafi. In ya nuna, sai a tara maki, ana neman 10. Likitoci na rarraba ɓarnar da suka gani a naman ƙoda aji-aji: lalacewar ƙoda aji na 3 ko na 4 kaɗai maki 10 ce, aji na 2 ko na 5 kuwa 8. Ma'aunin da wata ƙungiyar likitocin lupus ta duniya, SLICC, ta fitar a 2012 ma bai yarda da naman ƙoda shi kaɗai ba, sai an haɗa da ANA ko anti-dsDNA, wani gwajin jinin lupus.

Sharaɗin da ya fi nauyi a ganina shi ne wanda aka fi saurin tsallakewa: ba a ba wa wata alama maki muddin akwai abin da ya fi lupus bayyana ta. Ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, tunjere, ƙwayoyin cuta a bawul ɗin zuciya, har da wasu magunguna, duk suna iya barin irin wannan sawu a ƙoda. A Najeriya, inda ciwon hanta B ya yi yawa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Maganin lupus, irin su prednisolone da cyclophosphamide, danne garkuwar jiki yake yi. Ka ba wa mai ciwon hanta ba tare da gwaji ba, ka kwance wa kura dabaibayi.

An dai tsara ma'aunin ne don tantance waɗanda za a sa cikin bincike, saboda haka bai ɗaure hannun likita a gaban majinyaci ba. Matar nan, in ANA ɗinta bai nuna ba kuma ba a gano wani dalili ba, za a rubuta mata "cikakken gida ba tare da lupus ba", a yi wa ƙodar magani gwargwadon ɓarnar da aka gani, a riƙa maimaita gwajin jini, domin a wasu kaɗan lupus ɗin kan fito fili bayan shekaru.