Baje kolin zane a cibiyar unguwa: tambayoyin da ake ta yi min

Tun da muka rataya ayyukan yaran unguwarmu a wani ɗan ɗakin taro bara, mutane ke ta tare ni da tambaya, wasu a bakin masallaci wasu a waya, to bari dai in amsa su gaba ɗaya.

Wai mene ne ma baje kolin zane, ba kasuwa ba ce kawai?

Akwai ciniki a ciki amma ba shi ne gaba ba. A kasuwa kaya a jibge suke, mai kaya na kiranka kana taya wa, a nan kuwa kowane aiki ana ba shi wurinsa shi kaɗai, a share bango a shafa masa farar ƙasa ko fenti, a rataya zanen daidai tsayin idon mutum, a haska masa fitila, sannan a manna 'yar takarda a gefe da sunan wanda ya yi da shekarar da ya yi da abin da ya yi amfani da shi, fentin mai ne ko na ruwa ko gawayi ko biro. Wannan 'yar takardar fa kar ka raina ta. Akwai wani yaro da ke rubuta allon shaguna a layinmu, shekara da shekaru ana wuce aikinsa ba wanda ya san sunansa, ranar da ya shigo ya ga sunan nasa a ƙarƙashin zanen wata tsohuwa mai tallar fura da ya yi da biro, wallahi tsayawa ya yi cak ya kasa magana, daga baya ya fita ya je ya ɗauko mahaifiyarsa a adaidaita sahu don ta gani da idonta.

To me ya raba cibiyar unguwa da manyan gidajen nan na Legas da Abuja?

Manyan gidajen suna neman wanda ya riga ya yi suna ne. Cibiyar unguwa kuwa ita ce ke tono mutum tun ba a san shi ba. Misalin da na fi so shi ne Mbari Mbayo a garin Oshogbo, wadda Duro Ladipo mai wasan kwaikwayo ya buɗe a 1962 tare da wani Bajamushe Ulli Beier, a cikin gari tsakiyar jama'a, ana wasa ana kiɗa ana rataya zane duk a wuri ɗaya. A 1964 Georgina Beier ta yi wata 'yar bita a wurin, aka kawo takarda da fenti aka ce duk mai so ya zo ya gwada, ba a tambayi kowa takardar makaranta ba. Cikin waɗanda suka zo akwai Jimoh Buraimoh wanda aikin lantarki yake yi wa 'yan wasan, shi ne daga baya ya shahara da yin zane da duwatsun ado, akwai Muraina Oyelami, akwai kuma Twins Seven-Seven da yake ɗan rawa ne yana yawo gari gari, wanda a 2005 UNESCO ta karrama shi. Ita ma Nike Davies-Okundaye a Oshogbon ta buɗe cibiyarta a 1983 tana koya wa mata rinin adire kyauta, sai daga baya a 2009 ta buɗe katafaren gidan baje kolin zanenta na Lekki a Legas. Ka ga ke nan ƙaramin ɗakin ne ya haifi babban.

Mu nan Arewa mun taɓa yin irin wannan?

Ƙwarai kuwa, hujjar ma tana aljihunka. Juya naira 20 ka ga matar nan da ke ginin tukunya, Ladi Kwali ce, Bagwariya daga Kwali, tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a gida irin na gargajiya, tana zana musu kunama da ƙadangare da kada da kifi. Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, yana tara tukwanenta a gidansa, a nan wani Bature maginin tukwane Michael Cardew ya gan su. Cardew ɗin ne ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin. Daga nan aka kai tukwanenta baje koli Landan a 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Abin da nake so a lura da shi, gwaninta tana da ita tun kafin Bature ya zo, wuri da masu kallo ta samu.

Zariya ma haka, a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin da ta zama jami'ar, suka ce ba za su yi ta kwaikwayon Turawa ba alhali ga nasu a gida. A Kano akwai Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama, a Yamai kuma gidan tarihi na Boubou Hama, inda za ka tarar da maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a gabanka ka saya daga hannunsu. Sai dai abin da ke damuna, waɗannan duk a manyan birane suke, yaron da ke ƙauye ko ƙaramar hukuma ba shi da ko bango ɗaya.

Ba an ce zanen abu mai rai haramun ne ba?

Wannan tambaya ce ta gaske kuma ba na wasa da ita. Akwai hadisai masu tsanani a kan sura abu mai rai, malamai kuma sun yi bayani mai yawa a kan bambancin gunki da zanen takarda, don haka kowa ya tambayi malamin da ya yarda da iliminsa. Amma ko an cire mai rai gaba ɗaya, abin da ya rage mana ya isa ya cika ɗaki goma. Zayyanar allo da ake yi wa mai sauka, rubutun hannu na mahaddata, dagi a jikin soro, aska takwas a gaban babbar riga, zanen hula, sassaƙar ƙwarya, faifai da tabarma, aikin fata, rinin Ƙofar Mata, lalle ma kansa. Je ka duba hoton bakan gizon rufin tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina ka gaya min in ba fasaha ba ce. A namu baje kolin, allon zayyana ne ma aka fara saye.

Wa ke zaɓar abin da za a rataya, kuma kuɗin na wa ne?

Yawanci mutum ɗaya ko 'yan kwamiti ke zaɓa, kuma a nan ake samun ɓacin rai in aka sa son kai, shi ya sa gara a faɗi ƙa'ida tun farko. Farashi mai aikin ne ke sawa, in an saya cibiya ta cire la'adarta da aka yi yarjejeniya a kai, sauran nasa ne. Aikin da aka saya ba a sauke shi sai an rufe, sai dai a manna ɗan jan ɗigo a takardarsa kowa ya san ya tafi. Don Allah a rubuta komai a takarda, har da wanda zai biya in aiki ya lalace, mun taɓa asarar zane biyu saboda rufi ya yi yoyo da damina kuma ba mu yi wannan maganar ba tun farko, har yau abin na min ciwo.

Ni ban san komai a kan zane ba, in na je me zan yi?

Ka kalla kawai. Kar ka taɓa da hannu, in za ka ɗau hoto ka nemi izini, in za ka sa a Facebook ka rubuta sunan mai shi. In ka ga wanda ya tsayar da kai, nemi mai aikin ka tambaye shi ya aka yi, suna nan tsaye a gefe suna jiran mai tambaya.

Ina zane a gida, ya zan yi in shiga?

Zaɓi guda 5 ko 6 da ka fi yarda da su, ka ɗauke su hoto da safe a inuwa ba tare da filashi ba, ka rubuta suna da girma da shekara, ka kai wa masu cibiyar da ƙafarka. Firem na da tsada na sani, kafinta zai iya haɗa maka na katako mai sauƙi, ko ka manna a kwali mai kauri. In kuwa garinku babu cibiyar sam, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku roƙi hedimasta aji ɗaya lokacin hutu, ku je ku gaida mai unguwa ku gayyace shi ya buɗe muku. Mu ma da ƙusa da igiya da fitilar caji guda 3 muka fara.