An yarda da tasa, an hana inji: dokar kayan neman zinare don nishaɗi a Kalifoniya

A Kalifoniya ta Amurka akwai mutanen da ke zuwa bakin kogi ranar hutu neman zinare don sha'awa kawai. Jihar ba ta hana su ba, amma ta sa ido sosai a kan kayan da suke shiga ruwa da shi.

Kowa zai iya ɗaukar kayansa ya shiga kogi?

Ya danganta da mai filin. A yawancin filayen gwamnatin tarayya da hukumar filaye ta tarayya, wato BLM, ke kula da su, mai tasar wanke yashi da shebur da diga da na'urar gano ƙarfe ba ya buƙatar izini, muddin aikin hannu ne mai ɗan taɓa ƙasa kaɗan. Amma idan wani ya riga ya yi rajistar wurin ƙarƙashin dokar haƙar ma'adinai ta 1872, zinaren da ke ciki nasa ne. Filin mutum kuwa sai da yardarsa. A wurin tarihi na Koloma, inda wani mai suna James Marshall ya tsinci zinaren da ya jawo rububin haƙa a jihar a Janairun 1848, hannu da tasa kaɗai aka yarda.

Wane kaya ne aka haramta?

Injin zuƙo. Famfo ne mai inji a kan ɗan kwale-kwale, mutum ya nutsa da ƙaton tiyo yana zuƙo yashi da tsakuwa daga ƙasan kogi, su bi ta magudana, zinare ya kwanta, sauran ya koma ruwa. A 2009 Gwamna Arnold Schwarzenegger ya sa hannu a dokar da ta dakatar da amfani da shi a duk kogunan jihar. Da wasu suka fara sauya fasalin injinan domin su kauce wa hanin, dokar 2015 ta faɗaɗa ma'anar ta haɗa da duk na'ura mai inji da ke kwaso ko tace ƙasa daga kogi ko gaɓarsa, ta kuma ce sai an samu izinin hukumar kula da tsabtar ruwa. Ko riƙe injin a cikin yadi 100 daga ruwan da aka hana zuƙo a cikinsa laifi ne.

Me ya yi zafi haka?

Abu biyu ne, kuma na farko gado ne daga masu haƙar ƙarni na 19. Sun yi amfani da zaiba wajen kama zinare, kuma hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa kimanin tan 4,500 na zaibar ya zube a wajen wankin yashi. Da yawa daga ciki na nan kwance ƙarƙashin tsakuwar kogunan tsaunukan Siyera Nebada. In inji ya motsa ta, sai ta farfashe ƙanana-ƙanana ta bi ruwa, ƙwayoyin bakteriya su mayar da ita nau'in da ke taruwa a naman kifi, daga nan ta shiga jikin mai ci. Mata masu ciki da yara ƙanana ne suka fi cutuwa, domin ƙwaƙwalwa take taɓawa.

Na biyu shi ne kifi. Kifin salmon yana zuba ƙwansa ne a cikin tsakuwar ƙasan kogi, wato daidai abin da tiyon ke zuƙewa. Ƙabilar Karuk, waɗanda salmon na Kogin Kalamat shi ne abincinsu da tushen al'adarsu tun kaka da kakanni, su suka kai hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar kotu a 2005, kuma daga nan aka kamo hanyar hanin. A ganina suna da gaskiya. Nishaɗin wani bai kai a lalata abincin wata al'umma ba.

Masu neman zinaren ba su da hujja?

Suna da ita, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce injinsu yana tsamo zaiba da dalmar maharba daga kogi. Gaskiya ne yana kama mafi yawa, sai dai ɗan abin da ya kuɓuce ya riga ya zama gari, shi ne kuma mafi saurin yaɗuwa. Sun kuma ce dokar tarayya ta 1872 ta ba su 'yancin haƙa, jiha ba ta isa ta toshe ba. Wannan ce hujjar Brandon Rinehart, wanda aka samu da laifin yin zuƙo ba izini a wurin da ya yi wa rajista a dajin Plumas. A 2016 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta ce jiha na da ikon kare ruwanta, a 2018 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙarar.

Haka yake a sauran jihohi?

Kowace da tata doka, don haka mai shirin zuwa ya fara tambayar hukumar da ke riƙe da wurin. Oregon a 2017 da Washinton a 2020 sun hana zuƙo da inji a ruwayen da salmon ke hayayyafa, sun bar tasa da sauran kayan hannu bisa sharuɗɗa.